Ranar da Aka Kifa wa Curtis Buhu

Ni na kai sunan yayana Curtis ofishin masana'antar kifin da nake aiki. Ban ce komai a kansa ba sai cewa yana da ƙarfi kuma ba ya makara. Misis Ogden, mai ɗaukar ma'aikata, ba ta nemi ƙarin bayani ba. Dama kowa ya san ni ba mai dogon zance ba ce.

Abin da ban faɗa ba shi ne, yana ɗan shekara goma sha tara ya fasa kwalbar giya a fuskar wani mutum a mashaya, can kudu inda muke zaune a da. Ya yaga shi daga gefen baki har kunne. Aka ɗaure shi. Kafin ya fito Mama ta kwaso ni muka dawo garinsu na bakin teku, inda ba wanda ya san zancen. Amma duk inda ya nemi aiki sai a aika a binciko tarihinsa, takarda ta dawo da laifin a rubuce, a ce masa ya je za a neme shi. Ba a taɓa nemansa ba. Ya wanke motoci, ya yi wa tsofaffi yankan ciyawa, ya zauna a ɗaki yana kallon bango. Ko cacar baki bai yarda ya yi da kowa ba. Yana jira ne shekarun da doka ta yanka su cika, laifin ya sauka daga takardar.

Suka cika a farkon hunturun nan.

Ranar da ya je ganin Misis Ogden na jira shi a rumfar bas. Ya fito ya zo ya tsaya kusa da ni.

"Ta tambaye ni ko ina da wani laifi a baya," in ji shi.

"Me ka ce?"

"Na ce babu. Leanne, idona cikin idonta na ce babu."

"To ai haka lauyar da ka nemi shawararta ta ce ka ce. Doka ce ta ba ka."

"Na sani. Bakina ne dai yake ɗaci."

Misis Ogden ta aika aka bincika kamar yadda ake yi wa kowa. Takarda ta dawo fes. Aka ba shi wata guda na gwaji a wajen lodi, inda maza ke jan akwatunan kifi daga ɗakin sanyi zuwa manyan motoci. A daren Mama ta soya dankali da ƙwai, ta yi ta kuka a kan kaskon.

A gidanmu akwai doka guda wadda ba a rubuta ba: ba a zo wa Curtis ta baya. In za ka shiga kicin yana ciki, sai ka yi tari ko ka ja ƙafa. A gidan yari wasu mutum huɗu sun taɓa kifa masa rigar matashin kai, suka danne shi, suka sheƙa masa tafasasshen ruwan da aka narka sukari a ciki don ya manne wa fata. Tabon yana nan daga wuyansa har tsakiyar bayansa, kamar narkakkiyar leda. Shi ya sa ko da zafi ba ya cire riga.

Kwanakin farko sun tafi lafiya. Ina kan layin yanka ina hango shi ta labulen roba, yana jan akwatu biyu inda wasu ke jan ɗaya. Bev, wadda ke tsaye kusa da ni tun da na fara aikin, ta ɗan zungure ni da gwiwar hannu.

"Ke 'yar shiru, ashe kuna da irin wannan a gida kika ɓoye mana? Yana da mata?"

"Ba shi da."

"To ki gaya masa mijina ya kusa mutuwa. In bai mutu ba ma zan taimaka masa."

Matan layin suka kwashe da dariya. Ni dai na sunkuyar da kai na ci gaba da zare ƙaya.

Babban masu lodi shi ne Alby Tasker, ƙaton dattijo mai jan fuska wanda ya yi ƙuruciyarsa a jirgin kamun kifi. Ya so Curtis tun ranar farko. A lokacin shan shayi yakan ture masa gwangwanin biskit ya ce, "Ci, ɗan samari, kafin waɗannan kurayen su gama da shi." Curtis kuwa kullum a kujerar da ke jikin bango yake zama.

"Kai kullum bayanka a bango," Alby ya ce wata rana. "Wa ka cuta ne? Mijin wata ke nemanka?"

"Bangon ne ke da ɗumi," in ji Curtis.

"Ji ɗumi da kyau. Juma'a akwai wankan baƙo."

Wankan baƙo tsohuwar al'adar masu lodi ce. Ranar Juma'ar farko ta sabon ma'aikaci, bayan an tashi an mayar da wuƙaƙe ma'ajiya, sai su ɗauke shi cak su jefa shi cikin babban bahon ƙanƙara da ruwan wankin kifi. Ya fito yana zagi, a yi dariya, a kai shi mashaya a saya masa giya. Daga ranar ya zama nasu. Ofis ya hana, amma ofis yana tashi da wuri ranar Juma'a. Na gaya wa Curtis duk wannan a bas.

"Ƙanƙara kawai?" ya ce. "Su zo. Zan ma riƙe musu ƙofa."

Ni ban taɓa tsayawa kallo ba, don haka ban san da buhun ba. Ashe tun zamanin jirage haka ake yi, ana kifa wa mutum buhu ne don kada ya san waɗanda suka ɗauke shi, kada ya riƙe kowa a zuciya.

Juma'a ta zo da yayyafi. Bev ta ja ni filin lodi ta ce yau dole in ga yadda za a jiƙa yayana. Mata muka jeru a bakin ƙofa. Curtis yana sunkuye yana wanke takalmin robarsa da tiyo, ƙarar ruwan ta cika masa kunne. Na ga Alby ya fito daga bayan tulin akwatuna yana sanɗa, yana yi mana alama mu yi shiru, fuskarsa cike da murmushi. Mutum huɗu na biye da shi. Sai da ya ɗaga hannu na ga abin da yake riƙe da shi.

Na buɗe baki. Muryata ba ta da ƙarfi ko a ranar da take da shi. Tiyon ya haɗiye ta.

Alby ya kifa masa buhun har kafaɗa, sauran suka rungume shi ta baya.

Ƙarar da ta fito daga cikin buhun ba ta mutum ba ce. Curtis ya yi baya da kansa da dukan ƙarfinsa, ƙeyarsa ta sami hancin wanda ke riƙe da ƙirjinsa. Na ji ƙas, jini ya yi tsartuwa. Ya taka gwiwar na biyu ta gefe, mutumin ya zube yana ihu. Sauran biyun suka sake shi suna cewa, "Kai, kai, wasa ne!" Bai ji ba. Bai ma cire buhun ba. Hannunsa ya lalubo wuyan rigar Alby, ya fizgo shi, ya buga fuskarsa a bakin ƙarfen bahon. Ya ɗago shi ya sake bugawa. Alby ya sulale ƙasa, Curtis ya hau kansa yana duka a makance, hagu da dama, wani dukan ya sami fuska, wani ya sami siminti. Ruwan tiyo yana ta gudu yana kwashe jini zuwa magudana.

Ban san lokacin da na isa wurin ba. Ban taɓa shi ba. Na durƙusa a gabansa na ce, "Curtis, ni ce. Leanne ce. Wajen aiki ne."

Hannunsa ya tsaya a sama. Ya yaye buhun a hankali. Ya dubi Alby, wanda haƙoransa biyu ke kan siminti, muƙamuƙinsa ya karkace gefe guda. Ya dubi hannuwansa. Sai ya ja da baya har ya jingina da bango, ya zauna cikin ruwan, ya ce, "Shi ke nan. Na sake yi."

Motar asibiti ta zo, 'yan sanda suka biyo ta. Suka tafi da Curtis, suka ɗauki bayanin kowa. Masu lodi biyun da ba su ji rauni ba suka ce su dai sun dafa shi ne kawai ya haukace, don in suka ambaci wankan baƙo aikinsu ne zai tafi. Da aka zo kaina na kasa haɗa ido da 'yar sandar. Ina kallon takalmina na ce mata mutum biyar ne, ta baya, da buhu. Na nuna mata buhun a inda ya faɗi. Bev ta ja dogon tsaki ta ce, "Haka aka yi. Rubuta sunana ni ma, Beverley, kuma kada ki rage min harafi."

Washegari 'yan sanda suka sako Curtis, suka ce za su duba ko kare kansa ya yi. Lauyar ta gaya masa a fili: in aka kai shi kotu aka same shi da laifi, sabon laifi zai hau takardar, a fara jiran shekaru daga farko. Ta ce kafin a yanke shawara, ko ƙuda kada ya kora da ƙarfi.

Amma garin bai jira shawarar kowa ba. Reece, babban ɗan Alby, ya nemi sunan Curtis a intanet da wayarsa, sai ga tsohon labarin jarida da hoton mutumin da aka ɗinke wa fuska. Kafin Litinin hoton ya shiga wayar kowa. Da na shiga ɗakin shan shayi aka yi tsit. Wata ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "An kawo mana mahaukacin kare an sa shi cikin mutane, ba ko gargaɗi."

An dakatar da Curtis daga aiki, amma bai yarda in riƙa dawowa ni kaɗai ba. Ranar Laraba ya zo ɗaukata da la'asar, ya tsaya can nesa da ƙofar masana'anta, kusa da tsohon wurin gyaran raga. Na fito da wuri don kada in haɗu da kowa. Muna cikin lungun da ke fita titin bas sai wata farar mota ta toshe gabanmu. Reece ya fito, ƙanensa ya fito, da wani abokinsu mai aski ƙwal. Reece na riƙe da guntun katakon da aka ɓalle daga abin ɗora kaya, da ƙusa a bakinsa.

"Ga gwanin kwalba," in ji Reece. "Yau ba ka zo da ita ba? Ko sai tsofaffi kake iya wa?"

"Reece, ban san shi ba ne," Curtis ya ce. "Na rantse ban san Alby ba ne."

"Kada ka ƙara kiran sunan ubana da wannan ƙazamin bakin. Da bututu yake shan miya, ka sani? An ɗaure masa baki da waya. Mutumin da ya riƙa ba ka biskit, shege ɗan gidan yari!"

Curtis ya ture ni gefe. "Tafi, Leanne."

Ban tafi ba.

Ya fi kowannensu tsawo, kuma na ga abin da ya yi wa mutum biyar ido a rufe. Su ma sun sani, shi ya sa suka tsaya nesa kaɗan suna zagaya shi. Sai ya yi abin da ba su zata ba. Ya harɗe hannuwansa a ƙirji, ya cusa tafukan cikin hammatarsa, ya matse.

"Ku yi abin da ya kawo ku," ya ce.

Mai askin ya yi dariya. "Ji ɗan iska, sanyi yake ji."

Katakon ya sauka a gefen kansa. Kunnensa ya tsage. Ya yi tangal-tangal bai faɗi ba. Ƙanen Reece ya naushe shi a baki, ya sake, ya sake, har nasa hannun ya fashe. Reece ya zagaya ya maka masa katakon a bayan gwiwa, sannan ne Curtis ya durƙushe. Suka rufe shi da shuri da takalman aiki masu ƙarfe a baki. Ina jin kowane ɗaya. Haƙarƙari yana da irin ƙararsa, kamar an taka busasshen kwali.

"Rama mana!" Reece ke ihu. "Tashi ka rama, matsoraci! Fito da hannun!"

A nan na gane. Ba dukan kawai ya kawo su ba. Abokin nasu ya ja baya ya ɗaga waya yana ɗauka. Naushi ɗaya suke so daga Curtis, ɗaya tak, su kai wa 'yan sanda.

Curtis ya dunƙule a ƙasa, goshinsa a kan kwalta, hannuwansa na nan inda ya sa su. Ko kansa bai kare ba. Jini ya rufe masa ido ɗaya. Reece ya ɗaga katakon da hannu biyu, ɓangaren ƙusar a ƙasa, yana auna ƙeya.

Na faɗa kansa. Ban yi tunani ba, na dai ji ni kwance a bayan yayana. Ƙusar ta shiga kafaɗata ta ja. Shurin da ƙanen ya riga ya sako ya same ni a baki. Na ji gishiri da wani abu mai tauri a kan harshena, na yi ƙara.

Wannan ƙarar ce ta tayar da shi. Na ji bayansa ya kumbura a ƙarƙashina kamar doki zai miƙe. Ya ɗago da ni gaba ɗaya, ya juyo, ya ga fuskata. Hannuwansa suka fito. Na ga yatsun sun dunƙule, na ga idonsa ɗaya da ya rage a buɗe ya sauka a maƙogwaron Reece. Reece ma ya gani, don ya ja baya har ya yi tuntuɓe. Mai wayar ya matso.

Na kama wuyan hannuwansa biyu. Yatsuna ba su ma zagaye su ba.

"Hannu, Curtis," na ce, jini na bin haɓata. "Hannu. Don Allah."

"Sun taɓa ki."

"Na sani. Mayar da su."

"Leanne, sake ni."

"In ka tashi, a banza na sha wannan."

Ya yi wani gurnani ta cikin haƙora, ya buga goshinsa a kwalta da kansa, sau ɗaya, da ƙarfi. Sannan ya ja hannuwan a hankali, da nawa a kansu, ya mayar da su cikin hammata. Muka zauna a haka, yatsuna a matse cikin rigarsa.

"Kai Reece Tasker!"

Bev ce. Matan layi sun taso, sun cika bakin lungun da jakunkunansu.

"Mace kake duka? Ni na canza maka ƙyallen kashi, ɗan banza, lokacin da uwarka take asibiti! Ɗauki hoton da kyau, kai mai kan ƙwai, ka haɗa da fuskarta. In ba ka kai wa 'yan sanda ba ni zan kai ka!"

Mai askin ya sauke wayar. Reece ya dubi katakon, ya dubi kafaɗata, ya yar da shi. "Ba ita na nufa ba," ya ce. Suka shiga mota suka yi baya da ita har suna goge bango.

An yi mini ɗinki a kafaɗa da leɓe. Curtis ya kwana uku a asibiti, haƙarƙari a karye, kunne a ɗinke. 'Yan sanda suka tambaye shi wa ya yi masa haka, ya ce bai ga fuska ba. Na ce masa ni na gani. Ya ce, "Ubansu yana shan miya da bututu. Bar su."

Bayan mako biyu lauyar ta kira. Ba za a kai shi kotu ba. Buhun da bayanin mata sun isa. Ya ajiye wayar ya shiga banɗaki ya kulle, muka ji ruwa yana ta zuba.

Misis Ogden ma ta kira, ta ce watan gwaji ya ƙare kuma ba za a sabunta ba. Ta ce ba don abin da ya wuce ba ne, ita a wajenta ma babu wani abin da ya wuce, takardarsa fes take. Kawai dai masu lodi sun ce in ya shigo su za su fita, kuma kifi ba ya jira. An kori mutum biyu saboda wankan baƙo. Alby bai dawo ba, ya yi ritaya. Ni ina nan a layina. Ban da Bev ba mai yi mini magana, abin da bai canza mini rayuwa sosai ba.

Curtis ya sami wata masana'antar a can arewa, cikin Sikotland, inda ake neman masu lodi. Sun aika an bincika, ba su ga komai ba, suka ce ya zo. Na raka shi tashar bas da safe. Mama ta ƙi zuwa, ta ce ƙafarta ke ciwo. Ta cika masa leda da burodi da cuku kamar zai ƙetare teku.

Muna jira igiyar takalminsa ta kwance. Ya yi ƙoƙarin sunkuyawa, haƙarƙarin ya hana shi. Na durƙusa na ɗaure masa.

"In sun ce akwai wankan baƙo fa?" na tambaye shi.

"Zan ce musu ni zan shiga da ƙafata, suna kallo."

"In sun tambayi dalili?"

Ya dubi bas ɗin da ke shigowa. "Ban sani ba tukuna," ya ce.

Direba ya buɗe wajen kaya. Na ɗaga jakar da hannuna mai lafiya na tura ta ciki, don shi an hana shi ɗaukar nauyi sai ƙarshen wata. Ya hau a hankali yana dafa ƙarfe. Na bi gefen bas ɗin ina leƙen tagogi har na gan shi ya zauna, sannan na juya da sauri, don an kusa fara aikin rana kuma ni ce ke karɓo wuƙaƙen layinmu.